Yadda Ake Gabatar da Mutum Don Samun Lambar Girmamawa ta Ƙasa

Kwamitin da ke tantance waɗanda za a ba lambar girmamawa ta ƙasa bai san mutumin da kake son a karrama ba. Bai taɓa ganinsa a bakin aiki ba, bai ji labarinsa daga bakin waɗanda ya taimaka wa ba. Abin da ke gabansa tarin takardu ne, ɗaruruwa ko dubbai, kowace tana cewa mai ita gwani ne. Shi ya sa mutane da yawa da suka yi wa ƙasarsu hidima ta gaske suke barin duniya ba a karrama su ba. Ko dai babu wanda ya gabatar da sunansu, ko kuma an gabatar amma an cika takardar da kirari, babu hujja. Yabon gwani ya zama dole, sai dai a wannan fagen yabon da ya zo da shaida shi ake saurara.

Fara da dokar ƙasar

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, nemi dokar da ta kafa lambobin a ƙasar da kake magana a kai ka karanta, domin kowace ƙasa da nata tsarin. A Najeriya dokar lambobin girmamawa ta 1964 ce, kuma manyan lambobin gida biyu ne, na Tarayya da na Neja, kowane da matakai huɗu. Jerinsu daga sama shi ne GCFR, GCON, CFR, CON, OFR, OON, MFR, MON (masu ƙarewa da FR na Tarayya ne, masu ƙarewa da ON na Neja), sannan akwai FRM mai daraja ta ɗaya da ta biyu a ƙasa da su. Ƙa'idar da ke tare da dokar ta kayyade yawan waɗanda za a ba a shekara: biyu a GCFR, goma a GCON, har zuwa ɗari-ɗari a MFR da MON. Ma'aikatar Ayyuka na Musamman ce ke karɓar sunaye, kwamiti ya tace, Majalisar Magabata ta Ƙasa ta ba da shawara kamar yadda kundin tsarin mulki ya tanada, shugaban ƙasa ya amince.

A Faransa babbar lambar ita ce Légion d'honneur, wadda Napoleon ya kafa a 1802, mai matakai biyar. Ɗan ƙasa ba ya shiga matakin farko sai ya yi aƙalla shekara 20 yana hidima, ba ya hawa na biyu sai ya shekara takwas a na farko, na uku kuma sai bayan wasu biyar, kuma kowane hawa sai da sabon aiki. Wanda hidimarsa ba ta kai shekara 20 ba, akwai Ordre national du Mérite da Janar de Gaulle ya kafa a 1963, wadda shekara 10 ta wadatar. Nijar da wasu ƙasashen da Faransa ta raina sun ɗauki irin waɗannan matakan. A Birtaniya mafi yawan fararen hula suna samun MBE, OBE ko CBE ne, daga tsarin da aka kafa a 1917, kuma sau biyu ake fitar da jerin sunaye a shekara, a sabuwar shekara da kuma watan Yuni. Indiya tana sanar da lambobinta na Padma a daidai bikin ranar jamhuriya ta 26 ga Janairu, kuma ba sa wuce 120 a shekara, ban da na mamata da na baƙi.

Amsoshi huɗu kake nema a cikin dokar. Wa aka yarda ya gabatar da suna? Yaushe ake rufe karɓa? Shekara nawa na hidima ake buƙata? Ana ba wanda ya rasu? Tambaya ta farko tana kayar da mutane sosai. A Birtaniya kowa na iya gabatar da kowa, amma ba ka gabatar da kanka. A Indiya an yarda mutum ya gabatar da kansa. A Faransa tun 2008 talaka na iya gabatar da wani, muddin ya tara sa hannun 'yan ƙasa 50 daga yankinsu ya kai wa wakilin gwamnati na yankin. A inda sunaye suka fi bi ta hannun gwamnatocin jihohi, ma'aikatu da ƙungiyoyin ƙwararru, to ka shirya takardarka tsaf ka miƙa ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofin, ka karɓi shaidar cewa an karɓa.

Batun mamaci kuwa, kada ka jira. A Birtaniya lambobin hidima irin su MBE ba a ba wanda ya rasu, na jarumtaka ne kaɗai ake bayarwa bayan mutuwa, kuma ana so a gabatar da mutum yana kan aikin ko bai wuce shekara guda da barinsa ba. Ko a Najeriya, lokacin da aka ba marigayi MKO Abiola lambar GCFR a watan Yunin 2018, sai da masana shari'a suka yi ta muhawara ko doka ta yarda a ba mamaci. Taiwo Akinkunmi, wanda ya zana tutar Najeriya da aka fara ɗagawa a 1960, sai a 2014 ya samu OFR. Ya yi sa'a yana raye. Da yawa ba su yi wannan sa'ar ba.

Shin mutumin ya cancanta?

Ka tambayi kanka wannan da gaskiya tun kafin kwamiti ya tambaya. Daɗewa a kujera ba cancanta ba ce. Wanda ya yi shekara 35 yana zuwa ofis a kan lokaci ya yi abin da ake biyansa albashi a kai, kuma fansho ne sakamakonsa. Abin da ake nema shi ne wanda ya wuce iyakar aikinsa, ko ya ƙirƙiro abin da babu, ko ya jure wahala da hatsari saboda wasu, ko ya canza yadda ake gudanar da wani fanni har wasu suka kwaikwaya. Limamin nan na jihar Filato, Abdullahi Abubakar, wanda ya ɓoye ɗaruruwan mutanen da ake farauta a masallacinsa da gidansa a 2018, ba shi da wani muƙamin gwamnati. Aikin ɗan lokaci ne, amma aiki ne da ya sa ransa a kai, kuma a 2022 aka ba shi MON.

Faɗin tasirin aikin shi ke nuna matakin da ya dace. Hidimar da ta tsaya a unguwa ko ƙaramar hukuma tana kai mutum ga ƙaramin mataki, wadda ta game jiha ko yanki ta kai shi na tsakiya, wadda ta shafi ƙasa baki ɗaya ta kai shi sama. A Birtaniya ma ba a yarda mai gabatarwa ya zaɓi matakin ba, kwamiti ke yankewa. Inda fom ya nemi ka ambata, kada ka yi zari. Neman babban mataki ga aikin da ya dace da ƙarami yakan sa a ajiye takardar gaba ɗaya, domin kujerun sama kaɗan ne kuma masu nemansu manya ne. A ganinmu ƙananan matakai su ne suka fi buƙatar masu gabatarwa na gari, domin nan ne malaman makaranta, ma'aikatan jinya, direbobi da masu aikin sa kai suke, kuma su ba su da sakatare da zai rubuta musu.

Rubuta bayanin hidima

Wannan takardar ita ce zuciyar aikin, kuma a nan mafi yawan masu gabatarwa suke faɗuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafo takardar tarihin aiki: an haife shi a shekara kaza, ya yi firamare a nan, ya yi digiri a can, ya riƙe wannan muƙamin da wancan. Mai tantancewa yana ganin inda mutumin ya zauna, amma bai ga abin da ya yi ba. Tarihin karatu da muƙamai suna da nasu gurbi a fom. Bayanin hidima kuwa amsar tambaya ɗaya ce: me ya canza a rayuwar mutane saboda wannan bawan Allah?

Sa aikin da ya fi girma a sakin layi na farko. Mai karanta takarda ta ɗari biyu a yini ba zai jira ka kai shafi na biyu ba. Bayan nan ka bi wannan tsari ga kowane aiki: yadda al'amarin yake kafin ya zo, abin da shi da kansa ya yi, abin da ya fuskanta, da yadda al'amarin ya koma. Ɗauki misalin ungozoma. Idan ka rubuta cewa mace ce mai kishin al'umma, mai haƙuri da sadaukarwa, wadda ba ta gajiya, ba ka faɗi komai ba, domin duk takardun da ke kan teburin haka suka ce. Ka rubuta cewa a shekara kaza ta tarar da asibitin ba ya karɓar haihuwa da dare, ta tsara aikin kwana, ta horar da mata kaza daga ƙauyuka kaza ba tare da ƙarin albashi ba, kuma rajistar asibitin ta nuna masu haihuwa a hannun ma'aikata sun tashi daga kaza zuwa kaza. Kowane "kaza" ka cike shi da adadin da za ka iya nuna inda ka samo shi. Wanda ba ka da takardarsa, cire shi. Adadi ɗaya na ƙarya da aka gano ya isa ya zubar da sauran na gaskiya.

Ka raba abin da aka biya shi ya yi da abin da ya yi don kansa, ka faɗa a fili. Idan rabin aikin na sa kai ne, bayan tashi daga ofis ko da kuɗin aljihunsa, wannan shi ne abin da kwamiti ke nema, kada ka bari ya ɓace a cikin sauran. Ka kuma ware aikinsa daga na ƙungiyarsa. Jimlar da ta fara da "ƙungiyar ta gina" ba ta taimake shi ba. Wa ya kawo shawarar, wa ya nemo kuɗin, wa ya tsaya lokacin da aikin ya tsaya? Idan shi ne, ka ce shi ne. Idan ba shi ba ne, wataƙila ba shi ya kamata ka gabatar ba.

Wahalar da ya sha tana da nauyi. Aiki ɗaya da aka yi a babban birni da kayan aiki, da wanda aka yi a wurin da babu hanya, babu wuta, ko ana cikin rikici, ba ɗaya suke ba a idon mai tantancewa, amma sai ka gaya masa. Haka kuma ɗorewa: shin abin da ya kafa yana nan yana aiki, ko ya mutu da tafiyarsa? Wasu wurare sun kwaikwaya? Ka ambaci sunayensu.

Game da tsawo, ka bi abin da fom ya ce. Indiya ta kayyade kalma 800. Inda ba a kayyade ba, shafi ɗaya zuwa biyu ya isa. Ka guji gajerun sunaye na fannin da bare ba zai gane ba, domin mai karantawa yana iya zama alƙali ko tsohon soja alhali kai kana bayanin aikin likita. Ka ba wani wanda bai san mutumin ba ya karanta, sannan ka ce ya faɗa maka da baki abin da mutumin ya yi. Idan ya kasa, sake rubutawa.

Wasiƙun goyon baya su zo daga waɗanda suka ga aikin da idonsu. Birtaniya tana neman aƙalla biyu, kuma ba mai gabatarwa zai rubuta su ba. Wasiƙar wanda ya amfana kai tsaye, ko abokin aikin da suka yi shekaru tare, ta fi ta babban mutumin da ya sa hannu a kan abin da aka rubuta masa. Kada ka rubuta wasiƙa ɗaya ka raba wa mutum biyar su sa hannu. Masu tantancewa suna gane wannan tun daga layi na biyu. Kowa ya faɗi ɓangaren da ya sani, da kwanan wata, da lambar wayarsa, domin ana iya kiransa. Ka haɗa da kwafin hujjoji, kamar rahoton hukuma, labarin jarida, ko takardar yabo ta baya, ka riƙe na asali a wurinka. Sannan ka duba rubutun sunan harafi bayan harafi kamar yadda yake a takardar shaidar ɗan ƙasa, domin da shi za a buga takardar karramawa, kuma gyara bayan an buga wahala ne.

Jira, bincike, da 'yan damfara

Bayan ka miƙa, sai haƙuri. A Birtaniya abin yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, kuma suna ba da shawarar kada a gaya wa wanda aka gabatar, don kada a sa masa rai a banza. Wannan shawara ce mai kyau a ko'ina, sai dai inda fom ya buƙaci sa hannunsa. A wannan tsakanin hukuma tana bincike: ko an taɓa ɗaure shi, ko yana da shari'a a kotu, ko yana biyan haraji, ko ƙungiyar sana'arsa ta taɓa hukunta shi. Idan ka san akwai wani tabo a baya, ka faɗa da kanka tare da bayanin yadda ya ƙare. Abin da aka ɓoye aka gano ya fi abin da aka bayyana illa. Idan shekara biyu ta wuce shiru, ka sabunta takardar da sabbin ayyuka ka sake miƙawa, domin sau da yawa rashin gurbi ne ya hana.

Ba a sayen lambar ƙasa. Duk wanda ya kira ka ya ce sunan mutuminka ya fito amma sai an biya kuɗin tantancewa ko na kujera a wajen biki, ɗan damfara ne. Birtaniya ta yi dokar haramta cinikin lambobi tun 1925, kuma a 1933 aka ɗaure wani dillali mai suna Maundy Gregory a kanta. A Faransa akwai ɗan kuɗin rajista da ake biya, kuma wanda aka karrama shi ke sayen lambar da za a maƙala masa, amma wannan yana zuwa ne bayan sunansa ya fito a jaridar gwamnati, kuma ofishin lambobin ake biya kai tsaye. Ka kuma bambance lambar ƙasa da kambunan da ƙungiyoyi da mujallu ke rabawa a otal. Lambar ƙasa shugaban ƙasa ke bayarwa bisa doka, da takarda mai hatimin ƙasa.

Mutum yana da 'yancin ƙin karɓa. Lauya Gani Fawehinmi ya ƙi OFR a 2008. Saboda haka wasu ƙasashe suke tuntuɓar mutum a asirce makonni kafin sanarwa, kuma idan irin wannan wasiƙar ta zo, a amsa a kan lokaci a kuma rufe baki har ranar da za a sanar.

Lambobin soja

A soja galibi ba farar hula ke gabatarwa ba. Shawara tana tashi ne daga kwamandan da sojan ke ƙarƙashinsa, ta bi matakan shugabanci har hedikwata, kuma kowane mataki yana iya amincewa, ko ya rage darajar lambar, ko ya ƙi. Lambobin iri uku ne kuma bai kamata a gauraya su ba. Akwai na daɗewa a aiki da kyakkyawan hali, waɗanda lissafin shekaru ke kawowa. Akwai na halartar wani yaƙi ko aiki, kamar lambar Majalisar Ɗinkin Duniya da akan ba wanda ya yi kwana 90 a aikin kiyaye zaman lafiya. Waɗannan biyun aikin ofishin rajista ne, abin da ake buƙata shi ne fayil ɗin soja ya kasance daidai. Na ukun su ne na jarumtaka, kuma su ne ke buƙatar rubutu.

Lokaci shi ne babban abokin gaba a nan. A Amurka shawarar ba da Medal of Honor, lambar jarumtaka mafi girma a ƙasar, dole ta shiga cikin shekara uku da yin abin, a kuma bayar cikin shekara biyar, in ba haka ba sai majalisa ta yi doka ta musamman, kuma ana buƙatar shaidun gani da ido aƙalla biyu. Victoria Cross, babbar lambar jarumtaka ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1856, bisa al'ada shaidu uku ake nema mata. Ko da dokar ƙasarku ba ta sa wa'adi ba, kwamanda ya karɓi bayanan shaidu cikin kwanakin farko. Bayan wata shida an yi wa wannan canjin wurin aiki, wancan yana asibiti, wani kuma ya kwanta dama, waɗanda suka rage kuma labarin ya gauraye musu.

Kowane shaida ya rubuta nasa shi kaɗai, ya sa hannu, da lambarsa da muƙaminsa. Bayanin ya ƙunshi rana da sa'a, wurin, yanayin ƙasa da haske, yawan abokan gaba da irin makamansu, inda shaidan yake tsaye da nisansa da abin da ya faru, sannan abin da sojan ya yi daki-daki. A haɗa da zanen taswira, da rahoton artabun da aka aika a ranar, da takardar likita idan an ji rauni. Ƙananan saɓani tsakanin shaidu ba laifi ba ne, hasali ma shi ke nuna ba a haɗa baki ba. Abubuwa biyu ne ke raba babbar lamba da ƙarama: girman hatsarin da ya shiga yana sane, da kuma ko abin da ya yi ya wuce abin da za a iya umartar soja ya yi. Rubutun da ya ba da labarin nasarar bataliya gaba ɗaya, sunan sojan ya fito sau biyu kawai, ba ya kai ko'ina. Haka wanda aka cika shi da "ya nuna bajinta mara misaltuwa" ba tare da an ce ya tsallaka fili mai nisan mita kaza ana harbinsa ya ɗauko wanda aka raunata ba.

Bayan an sanar

Fitowar suna a jarida ba ita ce karramawar ba a ko'ina. Dokar Najeriya ta ce mutum yana shiga matakin ne lokacin da ya karɓi lambar da takardarta daga hannun shugaban ƙasa a bikin da aka shirya, sai dai idan shugaban ya ba da umarnin a yi ta wata hanya. A Faransa ma ɗan ƙasa ba ya sanya lambar sai an yi bikin maƙala masa.

Haruffan lamba bayan suna ake sa su, babba kafin ƙarama. Idan aka ɗaga mutum a cikin gida ɗaya, misali daga OON zuwa CON, sabuwar ta maye gurbin tsohuwar. Idan gidajen daban ne, ana rubuta duka biyun. Haruffa irin su mni da psc shaidar kammala kwas ne, suna zuwa bayan lambobin ƙasa. Indiya ta hana a liƙa lambar Padma a gaba ko bayan suna kwata-kwata, kuma baƙon da Birtaniya ta ba lambar da ke zuwa da laƙabin Sir ba ya amfani da laƙabin. Ma'aikacin gwamnati ko soja da wata ƙasa ta ba lamba ya nemi izinin ƙasarsa kafin ya karɓa ko ya sanya. A Amurka wannan sharaɗin yana cikin kundin tsarin mulki.

Lambobin ƙirji a hagu ake sa su, a jere a kan sandar ƙarfe guda, mafi daraja tana kusa da tsakiyar ƙirji, na ƙasashen waje a ƙarshe. Fuskar lambar ta kalli waje, kuma gindinsu ya daidaita a layi ɗaya, wato ƙyallen kowace ake ragewa ko a ƙara gwargwadon girmanta. A tsarin ƙasashen da suka gaji Birtaniya, tsawon daga saman ƙyalle zuwa gindin lamba yana tsakanin santimita 9.5 da 10. Idan sun wuce biyar sai a ɗora su a kan juna kaɗan-kaɗan, ta farko ta fito gaba ɗaya. Sandar da ta yi nauyi tana yaga tufa ko ta karkace, maganinsa a ɗinka ƙananan madaukai na zare a jikin rigar a zura allurar ta ciki, ko a sa ɗan ƙyalle mai kauri ta ciki ya tallafe ta.

Matakin kwamanda, irin su CFR da CON, a wuya ake ratayawa, kuma farar hula ɗaya yake sawa ko da yana da uku. Mataki mafi girma yana zuwa da faffaɗan ƙyalle da ake saɓawa kamar hamilar takobi, a mafi yawan ƙasashe daga kafaɗar dama zuwa ƙugun hagu, tare da tauraro a ƙirji. Shi ma ɗaya ake sawa. Ka duba takardar da ta zo cikin akwatin, domin akwai lambobin da ake saɓawa ta hagu. Ƙananan kwafin lambobi na liyafar dare ne, ba a haɗa su da manyan na ƙirji a lokaci guda. A Birtaniya da Ostareliya iyalin mamaci suna sa lambobinsa a dama a ranar tunawa da mazan jiya, don kowa ya san ba nasu ba ne. Sanya lambar da ba a ba ka ba laifi ne a ƙasashe da yawa. A Faransa hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara guda da tarar Yuro 15,000.

Ana kuma iya ƙwace lamba. A Birtaniya ɗaurin da ya wuce wata uku, ko kora daga ƙungiyar sana'a, yana kai batun gaban kwamitin ƙwacewa, kuma a 2008 aka soke wadda aka ba Robert Mugabe. A Faransa ɗaurin shekara guda ko fiye wanda ba na jeka-ka-gyara-halinka ba yana fitar da mutum kai tsaye, kuma haka ya faru da tsohon shugaban ƙasa Nicolas Sarkozy a 2025. Wanda aka ƙwace wa ya daina sa haruffan, ya mayar da lambar.

Adana lambar

Man goge ƙarfe shi ya fi lalata lambobi. Yawancinsu azurfa ce ko tagulla da aka yi wa ruwan zinariya siriri, kuma gugar kirki biyu ko uku ta isa ta cinye shi, ta kuma shafe suna da lambar soja da aka zana a gefe. Ƙyalle mai laushi na auduga, busasshe, ya wadatar. Ka riƙe ta ta gefe ko da safar hannu, domin gumin yatsa yana barin tabo. Fentin nan mai ƙyalli da ke fuskar lambar gilashi ne aka narka, faɗuwa ɗaya a kan siminti tana fasa shi, saboda haka a shimfiɗa tawul a kan tebur kafin a ciro ta.

A ajiye ta a akwatinta, a wuri busasshe, da ɗan ƙunshin nan mai tsotse laima a ciki. Kada a ɗaure da roba ko a naɗe da ulu, domin suna fitar da sinadarin da ke baƙanta azurfa. Idan ka ga wani koren gari yana fitowa a jikin tagulla, gishiri da laima ne suke cin ta, ka ware ta daga sauran ka kai wa masanin adana kayan tarihi. Ƙyallen ba a wanke shi, kuma rana tana kashe launinsa, don haka idan za a rataya a bango a nisanta da taga. Wanda ke yawan sanyawa ya sayi sabon ƙyalle don amfani ya adana na asali. Takardar karramawa a shimfiɗe ake ajiye ta, kada a naɗe, kada a manne ta cikin leda da zafi, domin hatimin da sa hannun suna lalacewa kuma ba a iya cirewa. A ɗauki hoton lambar gaba da baya da na takardar, domin idan ta ɓace su da rahoton 'yan sanda za a nema kafin a duba batun sabuwa. Idan mai lambar ya rasu, magada su tuntuɓi ofishin da ya bayar kafin su raba ko su sayar, domin wasu manyan lambobin, kamar na Garter a Birtaniya, mayar da su ake yi, sannan a Amurka sayar da Medal of Honor haramun ne a doka.